Yadda ake zaɓar faifan garmaho na tsohon kiɗan celo na gidajen rediyo, a wanke shi, a saurare shi yadda ya kamata

Toh ga wanda bai taɓa ganin celo ba, ka ɗauki goge a ranka ka ƙara masa girma sosai, ka sa masa tsirkiya 4 maimakon ɗaya, mai kiɗan ya zauna a kujera ya jingina shi a ƙirji tsakanin gwiwoyinsa yana goga masa izga. Shi ne celo. Muryarsa kamar ta dattijo ce, mai kauri, tsirkiyarsa ta ƙasa tana girgiza kusan sau 65 a sakan ɗaya, kuma yawanci jan sauti yake yi dogo ba tsinkewa. Ka riƙe wannan maganar ta jan sauti don kusan duk abin da zan faɗa a ƙasa a kanta ya rataya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gidajen rediyon Turai sun riƙa gayyatar manyan masu celo irin su Pierre Fournier, Paul Tortelier, André Navarra, Enrico Mainardi, János Starker da Zara Nelsova, su zo su buga a ɗauka a tef a watsa, daga nan a kai tef ɗin ɗakin ajiya ya yi shekara da shekaru ba wanda ya waiwaye shi. Akwai RIAS da Amurkawa suka kafa a Balin a 1946, akwai WDR a Kolon, akwai na Stuttgart da na Baden-Baden waɗanda aka haɗe a 1998 suka zama SWR, duk waɗannan a Jamus suke, sai rediyon Faransa da hukumar INA ke riƙe da ajiyarsa, sai BBC. Yanzu ƙananan kamfanoni ne ke neman izini su ɗauko irin waɗannan tef su buga su a faifai, irin su Analogphonic na Koriya ta Kudu, The Lost Recordings na Faransa, da kuma Spectrum Sound. Faifan da tsada gaskiya, kuma kaɗan ake bugawa, shi ya sa nake son ka san abin da kake yi kafin ka ɗora masa allura.

Kayan da za ka tanada

- Injin faifai mai gudun 33 da 45 (wato yawan zagayen da faifai ke yi a minti ɗaya), wanda ake iya saita nauyin allurarsa. Irin ƴan akwatin nan masu lasifika a jiki dan Allah ka bar su, suna danne faifai da nauyi su cinye shi.
- Kan allura, wato katirij, mai allura sabuwa ko wadda ka san tarihinta
- Amfilifaya mai ƙofar fono, wato wurin da ake jona wayar injin faifai, ko ƙaramin akwatin fono daban
- Lasifika 2
- Ƙaramin filam irin na magina
- Sikelin dijital mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram
- Takardar saita allura, ana buga ta a firinta
- Burushin kabon na share ƙura, da ƙaramin burushin allura
- Tataccen ruwa, aisofurofil (wani irin sifirit ne na goge kaya), ƙyallen maikurofaiba guda 3 sababbi
- Rigunan ciki na faifai masu laushi, waɗanda aka yi wa shafin leda a ciki
- Tocila mai haske fari

1. Karanta bayan kwali kafin ka biya

Nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Ana rubuta giram 180 da manyan baƙaƙe a gaba sai mutum ya ɗauka shi ne ingancin, alhali nauyin faifai ba ya ƙara wa sauti komai, ramin layin da allura ke bi zurfinsa ɗaya ne ko faifan giram 120 ne ko 180. Amfanin mai nauyi kawai ya fi zama daram kuma ya fi daɗin riƙewa.

Abin da za ka nema guda huɗu ne. Wane gidan rediyo ne kuma wace rana aka ɗauka, kamfanin kirki zai rubuta maka gari da ɗakin da ranar. Daga ina suka samo sautin, daga asalin tef ɗin gidan rediyon ne ko kwafi ne na wani da ya naɗa a gidansa lokacin da ake watsawa, bambancinsu kamar sama da ƙasa ne. Sai wa ya yanka faifan na farko da kuma inda aka buga, in ka ga Pallas ko Optimal na Jamus, ko RTI ko QRP na Amurka, to wurare ne da aka sani da aiki. Na huɗu, mono ne, wato sauti iri ɗaya a duka lasifika biyu, ko sitiriyo, mai raba sauti hagu da dama.

Maganar ko an bi ta kwamfuta ko ba a bi ba, ni ban ɗauke ta da zafi kamar yadda wasu suka ɗauka ba. Gidajen rediyo da yawa ba sa barin tsohon tef ya fita daga gininsu, sai dai su ba da kwafin dijital mai inganci, kuma in an yi aikin da hankali yana daɗi ƙwarai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɓoye maka. A 2022 an yi ta rigima da aka gano kamfanin Mobile Fidelity na Amurka yana bi ta dijital a fayafayen da masu saye suka ɗauka daga tef aka yanko kai tsaye, tun daga nan kamfanoni suka ƙara bayyana hanyar da suka bi. In kwali ya yi shiru gaba ɗaya kan tushen sautin, ni dai ajiye shi nake yi.

In an buga abu ɗaya a gudun 33 da kuma 45, na 45 ya fi tsabta musamman can kusa da tsakiya, amma gefe ɗaya ba ya wuce kamar minti 12 zuwa 15, ka ga za ka yi ta tashi kana juyawa kuma kuɗin ya kusa ninki. Wa sabon shiga na 33 ya isa.

2. Duba shi ranar da ya iso

Ka wanke hannu ka bushe. Faifai ana riƙe shi ne da gefe da kuma takardar tsakiya, yatsa ba ya taɓa layi. Ka haska tocila a kaikaice kana juya shi a hankali, ƙarce na gaske za ka ji shi da bayan farce in ka shafa a hankali, wanda ba ka ji ba yawanci gogar takarda ce kawai. Sannan ka ɗora a inji ba allura, ka kunna, ka sunkuya idonka daidai da gefensa ka ga ko yana hawa da sauka. Ɗan motsi kaɗan ba komai, amma in yana rawa sosai ka ɗauki bidiyo nan take ka tura wa wanda ya sayar maka.

Ni faifaina na biyu a but ɗin mota na bar shi a watan Afrilu, awa uku kacal, na dawo na tarar ya lanƙwashe kamar faifan rufe ƙwarya da ya sha ruwa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. In saƙonka ya iso ka wuce da shi gida kai tsaye, a gaban mota inda akwai inuwa.

3. Wanki, ko da sabo ne fil

Eh, sabo ma ana wankewa. Yana fitowa daga masana'anta da ɓurɓushin takarda da ƙura, kuma kiɗan celo shi kaɗai akwai shiru da yawa a cikinsa, ba ganga ba komai da zai rufe ƙas-ƙas, duk wani ɗan datti sai ka ji shi.

Haɗin da nake yi: tataccen ruwa kashi 4, aisofurofil kashi 1, sai ɗigo ɗaya tak na sabulun wanke kwanuka marar ƙamshi a cikin rabin lita. Hattara a nan. Ruwan batir da ake sayarwa a bakin titi wani tatacce ne wani kuma akwai asid a ciki, kar ka yi kasada, ka je wajen masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje ko babban kemis. Ruwan famfo da na rijiya da fiya wata duk suna barin gishiri a cikin layi in sun bushe. Sifirit mai launi shi ma a'a. In ba ka samu aisofurofil ba ka yi da ruwan da ɗigon sabulun kawai, yana yi. Kuma in ka gaji tsofaffin fayafayen garmaho masu gudun 78 a gida, waɗancan masu nauyi masu fashewa, kar aisofurofil ya kusance su ko kaɗan, narkar da su yake yi.

Ka shimfiɗa ƙyalle ɗaya a tebur ka kwantar da faifan, ka kifa ƙaramin kofi a kan takardar tsakiya don kar ta jiƙe. Ka jiƙa ƙyalle na biyu ka bi layi a zagaye, yadda allura ke bi, kar ka goga daga tsakiya zuwa gefe. Zagaye uku ko huɗu ba dannewa. Ka bar shi minti ɗaya, sai ɗauraya da zallan tataccen ruwa, kuma ɗaurayar nan ita ce rabin aikin, wanda ya tsallake ta zai ga allurarsa tana tara wani farin abu kamar kunu. Ka tsane da ƙyalle na uku, ka jingina shi a tsaye a ragar kwanuka mai roba kamar minti 30 cikin ɗaki a rufe, ba a rana ba, ba gaban fanka ba. Ya bushe sarai sai ka sa shi a sabuwar riga, tsohuwar ta takarda ka ajiye ta cikin kwali.

4. Zaunar da injin

Tebur mai nauyi wanda ba ya motsi, kuma kar lasifika ta zauna tebur ɗaya da injin, don sautin ƙasa na celo zai girgiza teburin ya koma cikin allura ka ji wani gurnani. Ka ɗora filam a kan farantin da ke juyawa, gaba da baya, hagu da dama, ka sa ƴan kwali ƙarƙashin ƙafa har kumfar ta tsaya tsakiya.

Akwai siririyar waya ta uku da ke fitowa tare da jan da farin filogi, ta at ce, wato wayar ƙasa ta lantarki, ka ɗaure ta a ɗan kusar da ke bayan amfilifaya. In ba ka ɗaure ba za ka ji huuum na wutar lantarki, wanda ke girgiza sau 50 a sakan, kusa ƙwarai da tsirkiyar ƙasa ta celo, sai ya dagula maka daidai wurin da ka sayi faifan dominsa.

5. Gudu, wanda a wurina shi ne babba

Kiɗa mai ganga yana ɓoye rashin daidaiton gudu, celo ba ya ɓoyewa. Mai kiɗan zai ja sauti ɗaya sakan biyar ko shida, in injinka yana ɗan sauri yana ɗan lafawa za ka ji sautin yana lilo kamar mai kuka, kuma sai ka zargi tsohon tef alhali laifin na ɗakinka ne.

Ka sa manhajar auna juyi a waya ka ɗora ta a tsakiyar farantin, ka ga ko tana nuna 33.3 ko kusa sosai. Inji mai bel in ya nuna ƙasa da haka yawanci bel ɗin ne ya saki, ka canza, ka goge inda yake bi da aisofurofil.

Ga abin da ya shafe mu musamman. Injina da yawa masu bel motarsu da bugun wutar gida take auna gudunta. In kana kan janareta, duk lokacin da firji ya tashi ko aka kunna famfo janareta ya yi nishi, gudun faifanka ma zai yi nishi tare da shi. Na yi wata biyu ina zaton wani faifan kiɗan Bach, shahararren marubucin kiɗan nan na Jamus, da nake da shi lalatacce ne, ashe ƙaramin janaretana ne, ranar da na saurara da inbata sai ga sautin ya miƙe sambal. Saboda haka ko ka yi amfani da inbata mai tsabtar wuta, ko ka nemi inji mai sarrafa gudunsa da kansa irin Technics SL-1200 wanda bai damu da wannan ba. Sannan in an kawo maka inji daga Amurka ka duba bayansa, wutarsu 120 ce mai bugu 60, tamu 230 mai bugu 50. Taransifoma za ta gyara ƙarfin wutar amma ba ta gyara bugun, irin wancan injin zai juya wajen 27.8 maimakon 33.3 har sai an canza masa ɗan gargaren da bel ke hawa.

6. Saita allura

Ka fara da nauyi. Ka mayar da maɓallin antisiket, wanda ke hana allura zamewa zuwa tsakiya, sifili, ka juya dutsen da ke bayan hannun da ke riƙe da allura har hannun ya tsaya a iska bai sama bai ƙasa, daga nan ka ƙara nauyin da masu katirij ɗin suka ce. Audio-Technica VM95E giram 2 ne, Ortofon 2M Red giram 1.8. Ka tabbatar da sikeli, kar ka dogara da lambobin jikin dutsen. In ba ka da na allura, sikelin masu sayar da gwal yana yi, amma ka lura abu biyu, farantinsa ya kasance daidai tsayin faifai, kuma in ƙarfe ne mai kama maganaɗisu zai jawo katirij ya ba ka lamba ta ƙarya har ya iya lanƙwasa allurar.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne rage nauyi wai don tausayin faifai. Allurar da ba ta da isasshen nauyi tsalle take yi cikin layi tana dukan bangonsa, ita ce ma ke ɓata faifai. Ka tsaya kan abin da aka rubuta, ko ka ɗan haura kaɗan cikin iyakar da suka bayar.

Sai takardar saiti. Ka buga ta a ainihin girmanta ka auna da rula ka tabbatar firinta bai rage ba. Irin wadda aka fi amfani da ita tana da ɗigo 2, ɗaya a milimita 66 daga tsakiya ɗaya a kusan 121. Ka cire injin daga wuta, ka sassauta kusoshin katirij kaɗan, ka matsa shi gaba ko baya har allura ta sauka kan kowane ɗigo kuma jikinsa ya yi daidai da layukan takardar a duka biyun. Aikin haƙuri ne, karon farko zai iya cin awa guda, ka yi shi da rana da ido mai kyau. Ka ɗaure, ka sake auna nauyi don ya canza, sannan ka sa antisiket daidai lambar nauyin.

7. In faifan mono ne

Yawancin waɗannan ɗaukar na shekarun 1950 da farkon 1960 mono ne. Faifan sitiriyo ya shigo kasuwa a 1958 amma gidajen rediyo sun ɗau lokaci kafin su koma. Kar wannan ya sa ka raina shi, celo ɗaya a tsakiyar ɗaki ba ya buƙatar hagu da dama.

A faifan mono kiɗan gefe da gefe kawai yake kaɗa allura, shi kuwa datti da ƙarce har sama da ƙasa suke kaɗa ta. In ka haɗe hagu da dama wuri ɗaya sai hayaniyar sama da ƙasa ta kashe kanta, kiɗan kawai ya saura. In amfilifayarka tana da maɓallin mono ka danna, shikenan. In babu, ka sayi wayoyi masu reshe biyu guda 2, ɗaya ta haɗe biyu zuwa ɗaya ɗayar ta sake rabawa, ka sa su tsakanin injin da ƙofar fono. Wallahi ranar da na fara gwada wannan sai da na sake sauraron gefen daga farko, mai kiɗan ya dawo tsakiya cak, ƙas-ƙas ɗin ya ragu sosai.

Akwai katirij na mono zalla irin Ortofon 2M Mono, yana da kyau in fayafayenka na mono sun yi yawa, amma ba dole ba ne. Abin da za ka kiyaye shi ne kaurin allura. Sababbin bugu da injin yankan zamani ake yanka su, allurar da ka saba da ita ta isa. Mai kaurin nan ta faifan 78 kar ta taɓa su.

8. Saurare, da gane laifin waye

Ka share da burushin kabon yana juyawa, zagaye biyu, ka share allura daga baya zuwa gaba kawai, ka sauke da ɗan hannun saukewa ba da yatsa ba. Kar ka ƙure murya, ka sa daidai yadda za ka ji in mutum yana bugawa a ɗakin.

Shhh mai laushi wanda ba ya canzawa na tef ne, haka aka ɗauka, kuma ni na fi son a bar shi, don in aka matsa wajen goge shi da kwamfuta har da ƙarar izga a kan tsirkiya da numfashin mai kiɗan ake kwashewa, sai celo ya koma kamar na roba. Tari ko motsin kujera na ƴan kallo ne. Amma ƙas da ke dawowa duk bayan kusan sakan 2 ƙarce ne ko datti a wuri ɗaya, don a gudun 33 faifan yana zagaye ɗaya a sakan 1.8. In sauti yana lilo da wannan tazarar kuma ka tabbatar gudun inji daidai ne, ka kalli hannun allura, in yana kai da komo gefe da gefe to hudar tsakiya ce ba a yi ta daidai ba, laifin bugu ne ka mayar. In kuma sai can ƙarshen gefe sauti ke tsagewa, koma mataki na 6.

Don gwaji ina son farkon suwit, wato jerin kiɗa, ta ɗaya cikin guda 6 da Bach ya rubuta wa celo shi kaɗai, da kuma sonata, wato dogon kiɗa mai sassa, ta marubucin kiɗa Kodály ta 1915 wadda Starker ya shahara da ita. A ita Kodály ana sassauta tsirkiyoyi 2 na ƙasa su ƙara sauka, in tebur ko lasifika ko wayar at suna da matsala nan take za ta tona.

9. Ajiya

A tsaye kamar littattafai, ba a jibge ba, ba a jingine a karkace ba, nesa da taga da bangon da rana ke duka da yamma. Rigar leda mai kauri mai warin roba ka cire ta, da zafi tana barin tabo a faifai wanda ba ya fita.

Lokacin hunturu iska ta bushe faifai yana kama wuta a jiki, za ka ji yana tsats in ka zaro shi, yana jawo ƙura kamar maganaɗisu. Ka ajiye roba da ruwa ko jiƙaƙƙen tawul a ɗakin, ka rufe taga kafin ka buɗe kwali. Shimfiɗar ulu da ke zuwa da injina da yawa tana manne wa faifai a wannan lokacin, ni na kai tawa wajen baduku ya yanka min fata mai laushi daidai faɗinta da kaurinta, da huda a tsakiya, tun daga nan na huta. Allura kuma ka riƙa rubuta awannin da ta yi a ɗan littafi kusa da injin, in ta doshi awa 500 ka fara duba ta da madubin ƙara girma, kafin 1000 ka canza ta ko da kunnenka bai ji komai ba tukuna.